Kawu, Mai Raba Ajujuwa da Kunne

Ranar da Kawu ya rasu, duk wanda aka gaya wa sai ya yi gardama. Mai gadin ƙofar kwaleji cewa ya yi, "Haba, ku daina irin wannan wasa. Ni na buɗe masa ƙofa da safen nan, har ya tsayar da babur ɗinsa basfa ya tambaye ni jikin tsohuwata." Shugaban kwaleji ya fito daga ofis babu ko hula, yana ta tambaya, "Wane Malam? Wane Malam kuke nufi?" alhali an faɗa masa, an kuma maimaita. Da labari ya isa gida a Limawa, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, ta zauna daɓas a tsakar gida tana salati. Inna kuwa, matarsa, ta dubi wanda ya kawo saƙon ta ce, "Ba shi ba ne. Ya ce in ajiye masa ɗumamensa, da hantsi zai dawo." Ta tashi ta je ta buɗe kwanon ta duba, ta mayar da murfin a hankali.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun faɗa, mun ƙara faɗa, amma a ranar baki ne kawai yake faɗa, zuciya ba ta yarda ba. Mutum ne da bai kwanta ciwo ba. A zaune ya cika, a bencin baya na wani aji, ana tsakiyar lacca, ranar Litinin ta farkon zango.

Bayan la'asar aka kai shi. Ɗalibai suka cika layinmu har ya yi musu kaɗan, Musulminsu da Kiristansu, wasu da littattafai a hannu don daga aji suka taho. A tabarmin ƙofar gida ba ka jin komai sai, "Jiya fa muka yi sallar magariba tare," da "Ranar Asabar na gan shi a kasuwa yana cinikin manja." Har waɗanda suka shekara suna zaginsa a ɗakin malamai sun zo sun zauna sun yi tagumi, kuma na ga wasu cikinsu suna share ido da hannun riga. Ban ce ƙarya suke yi ba, amma na riƙe fuskokinsu.

Mutum ɗaya ne ba a gani ba, kuma shi kowa yake waige ya gani: Baba Gwada, amininsa tun suna samari, malamin labarin ƙasa. Da dare ya yi bai zo ba, gari ya waye bai zo ba, Inna ta ce a gaban mata, "Gara da bai zo ba. In ya zo ma, kada wanda ya shigo mini da gaisuwarsa. Bakinsa ne ya kashe mini miji." Gidajen nan biyu sun fi shekara talatin suna cin abincin juna. Jin wannan magana daga bakin Inna ya girgiza ni kusan yadda mutuwar ta yi.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma a kwalejin horar da malaman da ya yi aiki nake koyarwa, don haka na san shi a gida na san shi a wurin aiki. Ina rubuta wannan ne saboda na ga yadda ake saurin goge sunan mutum daga ƙofa a rubuta na wani.

Kakanmu ma'aikacin reluwe ne, aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna ya zauna a Limawa. Kawu ya taso yana kai masa abinci tasha, shi ya sa har ya tsufa bakinsa bai rabu da maganar jirgi ba. Lissafi yake koyarwa, amma abin da aka fi saninsa da shi rabon ajujuwa da ofisoshi, aikin da kowa yake gudu. Tun lokacin da aka yi jiha Minna ta zama babban birni, ɗalibai suke ta ƙaruwa, gini kuwa yana nan yadda yake. Shi aka ɗora wa kwamitin, ya riƙe har ranar da ya bar duniya. Idan malamai biyu suka haɗu a ƙofar aji ɗaya, kowa da ɗalibansa a baya, Kawu ba ya cewa an yi kuskure, sai ya ce, "An yi karo." Ya zo da saurinsa yana riƙe da bakin riga, ya ce wa ɗaya, "Kai, ja baya, ba layinka ba ne." Manya da digirinsu, haka yake kora su.

Sauran makarantu da girma ake rabo: babba ya ɗauki ɗaki mai fanka, ƙarami ya ɗauki abin da ya rage. Kawu ya ce shi bai san wannan ba. Kafin a buɗe kowane zango sai ya ja malami zuwa aji, ya tsayar da shi a gaban allo, shi kuma ya tafi can bencin ƙarshe ya zauna, ya jingina kai da bango, ya lumshe ido. "To, yi magana. Ba ihu na ce ba, yadda kake yi in ka gaji." In ya ji ka sosai, ɗakin ya zama naka. In bai ji ba, ko kai ne shugaban sashe, sai ya ce, "Yaron da ke nan baya ma uwarsa ce ta haife shi," ya nema maka ƙaramin ɗaki. Ana kiran abin gwajin murya, kuma babu wanda yake so. Ni da na zo sabuwa na ɗauka jini zai yi mini rana. Na ce, "Kawu, ni ma sai an gwada ni?" Ya ce, "A Limawa nake kawunki. Hau gaban allo." Ya ba ni wani ɗaki a ƙarshen baranda kusa da famfo, na yi sati ba na gaishe shi da fara'a, shi kuwa ko a jikinsa.

Ofisoshi ma haka yake haɗa mutane. Ba ya haɗa masu surutu biyu, wai ba za a duba takardun jarrabawa ba. Mai shan taba sai ya ba shi teburin bakin taga. Wanda ya lura ba ya karyawa a gida, sai ya haɗa shi da wanda matarsa take cika masa kular abinci. Shi kansa ba shi da ofis. Nasa ya mayar aji tun wata shekara da aka rasa inda za a zuba 'yan ajin ƙarshe, ya koma ƙarshen dogon teburin ɗakin malamai da fulas ɗinsa na shayi, inda duk mai ƙorafi zai same shi ya zazzage.

Akwai wani abu da yake yi wanda ya zama abin tsokana. Ba ya taɓa ba mace mai ciki aji a saman bene. Matsalar ita ce yakan riga kowa sani, don malamai mata wurin Inna suke kai sirrinsu, Inna kuma ba ta iya ɓoye masa komai. Sai kawai a ga an sauko da malama ƙasa. Nan da nan ɗakin malamai ya ɗauka, "Malama, an sauko da ke? To Allah ya raba lafiya!" Ni kaina haka aka yi mini da cikina na fari, tun ban gaya wa mahaifiyata ba. Na same shi na ce, "Kawu, ka tona mini asiri." Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ni ban ce komai ba. Matakala ce ta yi tsawo."

Aji mafi girma a kwalejin shi ake kira Rumfa. Dogon ɗaki ne na kwano, babu silin, an gina shi da niyyar na wucin gadi ya zama na dindindin. Wanda ya san ruwan Minna ya san abin da nake nufi: in aka tsuge a kan kwanon nan, ko wanda ke kusa da kai ba ka ji. Murya ɗaya ce take cin Rumfa, ta Baba Gwada. Ƙaton mutum ne, ɗan manoman Gwada, Kirista, mai rera waƙa a cocinsu. In yana lacca, mu da muke wancan ginin muna iya rubuta darasinsa. Hausarsa irin ta mutanen can ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Yana kiran Kawu Ɗan Reluwe, Kawu yana kiransa Na Gwada, Inna kuwa har ta yi jikoki Amarya yake ce mata. Da kaka doyarsa ce take cika mana zaure, da layya cinyar ragon Kawu gidansa take tafiya a unguwar Ketaren Gwari.

Kowane zango sai ya yi mita. "Ni kadai ne jaki a makarantar nan? Kullum Rumfa, kullum Rumfa!" Amma mita ce ta alfahari. Kowa ya san in ka ce masa, "Baba, ai ban da kai babu mai iyawa," sai ya gyara tsayuwa yana murmushi.

Shekarar da abin ya faru, ƙarshen shekarun tamanin, muryar ta fara dushewa. Mun lura, amma wa zai faɗa? Aka ce ƙurar alli ce, aka ce mura ce. Ya riƙa yawo da citta da zuma a aljihu. Da aka zo gwajin murya kafin zangon damina, Kawu ya zauna a bencinsa na baya a Rumfa, ya daɗe ido a rufe, sannan ya tashi ya fita. Ranar Alhamis aka ji rabo: an ba wani sabon malami mai ƙarfin murya Rumfa, Baba Gwada kuma an mayar da shi ƙaramin ɗaki mai silin da fanka, ɗakin da manya suke faɗa a kansa.

Ina ɗakin malamai lokacin da ya shigo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya tsaya a kan Kawu ya ce, "Dan Reluwe, ka bizne ni da raina?"

Kawu ya ce, "Zauna, Na Gwada. Ga shayi."

"Ba na sha! Ka gaya ma duniya na kare. Ko ka kira ni gefe? Ko ka tambaye ni?"

Gaskiya ita ce yana ƙoƙarin ɗaga murya tana tsinkewa, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. A nan Kawu ya yi kuskure. Allah ya gafarta masa, yana da wannan hali na yin wasa inda ba wurinsa ba. Sai ya kai hannu bayan kunne ya ce, "Me ka ce? Ban ji ba." Wasu marasa hankali suka fashe da dariya. Na ji kamar in nutse.

Baba Gwada ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya dawo da ido kan Kawu. Ya ce, "To. Tunda ba ka jin muryana, ba za ka kara jin shi ba har ka mutu." Ya juya ya fita.

Inna ta ce a ranar Kawu bai ci abinci ba. Juma'a ya ɗauki basfa ya tafi Ketaren Gwari, aka ce masa mai gidan ya tafi ƙauye. Ban sani ba ko da gaske ya tafi ko yana ciki. Mahaifiyata ta ce masa, "Yaya, ka mayar masa da Rumfar mana, a zauna lafiya." Ya ce, "In na mayar masa, kafin a kai tsakiyar damina ba shi da sauran murya ko ta kiran matarsa. Gara ya yi fushi da ni." A kan rabon bai ja da baya ba, don taurin kansa ba ya lanƙwasuwa. Dariyar nan ce take cin sa.

Ranar Litinin da safe hadari ya haɗo. Kawu ya shiga Rumfa don ya ji ko sabon malamin zai iya da ruwa. Ya wuce bencin baya, ɗalibai suka matsa masa, ya zauna ya jingina kai da bango ya lumshe ido, yadda kowa ya saba gani. Ruwa ya sauko. Malamin nan, bawan Allah, ganin Kawu bai ɗaga kai ba, sai ya ɗauka ba ya jin sa, ya riƙa ƙara murya yana ƙarawa har jijiyar wuyansa ta fito. Haka ya yi laccar har ƙarshe. Ɗalibai suka tashi, Kawu bai tashi ba. Malamin ya tako har baya yana share gumi, ya ce, "Ranka ya daɗe, an ji ni?" Ya taɓa kafaɗarsa.

Ina aji lokacin da na ji gudu a baranda. Da na isa an shimfiɗe shi a kan benci, hularsa tana nan daram a kansa, fuskarsa kamar zai buɗe ido ya ce a ba wane ɗaki kaza. Na riƙa girgiza ƙafarsa ina cewa, "Kawu, tashi, mutane suna kallo." Likita ya ce zuciya ce, kuma ya daɗe da hawan jini yana ɓoyewa. Malamin nan ya yi kwanaki ba ya iya shiga aji. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, shi da ya ƙare rayuwarsa yana nema wa mutane wurin zama.

Kafin a yi wa gawar wanka maganar ranar Alhamis ta riga ta zagaye Limawa, har da ƙari. Shi ya sa Inna ta faɗi abin da ta faɗa. Ni ma, ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci da Baba Gwada matuƙa. Na san baki ba ya kisa sai kwana ya ƙare. Amma a ce amininka ya mutu, an yi jana'iza, an yi sadakar uku, ko ƙeyarka ba a gani ba? Matarsa ta zo ta yi kuka ta tafi, Inna ta amsa mata a daƙile. Da aka tambaye ta mai gidan, sai ta sunkuyar da kai ta ce yana fita kullum da rana, ba ya faɗin inda za shi.

Ana gobe addu'ar bakwai, da azahar, maza duk sun tafi masallaci, ƙofar gida babu kowa sai tabarmi. A ciki mata suna ta daka da wanke-wanke ana shirin sadaka. Na fito zan zubar da ruwa, ina shiga zaure na yi turus. Mutum ne tsaye a cikin duhun zauren, hula a hannu. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa.

Na ce, "Baba? Sai yau?" Ban ma gaishe shi ba.

Ya yi magana, ban ji ba. Sai da na ajiye bokitin na matsa.

"Kullum ina zuwa," in ji shi. "Tun Talata. Ina jira maza su tafi salla, kunya ba ya bari na zauna cikinsu. Ina tsayawa nan, ina sallama. Ba a amsa. Na ce to, Amarya ya hana."

Na ce, "Sallama? Baba, wallahi ba mu ji ba."

Ya dube ni kamar bai yarda ba. Sai ya juya ya fuskanci tsakar gida, ya cika ƙirji, ya yi sallama da iyakar ƙarfinsa. Ina tsaye a gefensa, abin da ya fito bai fi raɗa ba. Turmi bai tsaya ba, babu wadda ta waigo. Na ga lokacin da ya gane. Mutumin da ake ji daga wancan gini ya yi kwanaki yana sallama a zauren amininsa, yana komawa gida da zaton an kore shi. Na rasa inda zan sa idona.

Na shiga ɗakin da Inna take takaba. Na ce, "Inna, Baba Gwada ne."

"Na ce kada a shigo mini da gaisuwarsa."

"Tun Talata yake zuwa yana sallama a zaure. Mu ne ba mu ji ba. Inna, muryar ta tafi gaba ɗaya."

Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "Saki labule. Ya zo bakin ƙofa."

Mata suka dare, aka ajiye taɓare. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, ƙato da shi, ya fara magana. Daga bayan labule Inna ta ce, "Ba na jin ka, Na Gwada. Matso." Ya ja gwiwa har goshinsa yana taɓa labulen.

"Amarya, Dan Reluwe ya yi gaskiya. Na sani tun bara. Ban so a fada ba ne. Ka yafe mini."

"Ba ni ka yi wa ba."

"Shi ba ya nan. Kai ne ya rage."

Na ji numfashin Inna ya sauya. Ta ce, "Ranar Lahadi yana alwala ya ce mini, ɗakin ba zai canja ba, amma dariyar nan da ya sa aka yi maka, ita ce ba ta bar shi ya yi barci ba. Ya ce Litinin in an tashi zai same ka ko ƙauye ne. To ga shi bai kai ba. Kai ma yana da haƙƙinka a wuyansa, kuma shi yanzu ba ya iya roƙo. Ka yafe masa?"

Baba Gwada ya buɗe baki. Na ga leɓensa sun motsa, hawaye yana bin gemunsa, amma ko raɗar ba ta fito ba. Ya sake gwadawa, ya kama maƙogwaro, ya dube ni.

Inna ta ce, "Ke, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce ya yafe, Inna."

Inna ta ajiye carbinta. Sannan ta ce, "Allah ya kai masa. Gaya masa ni ma na yafe. Ki zuba masa ruwan fulas, mai ɗumi, saboda muryar nan. Kada ki ba shi na randa."